Cibiyar shirin GMAT da intabiyu a Ikeja: inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu da inda ba ta biya ba

Akwai wata cibiya a Ikeja, a hawa na biyu na wani bene da ke bayan titin Allen, wadda ke shirya mutane wa jarrabawar GMAT da GRE, waɗanda wasu jami'o'in ƙasashen waje ke nema kafin su ɗauki ɗalibin digiri na biyu, da kuma intabiyun shiga digirin. Na yi karatu a can, na kuma biya kuɗin abubuwa biyun da suke sayarwa: ajin nazarin hujja na ranar Asabar, da horon intabiyu. Ba zan kama sunanta ba, don ba duk abin da zan faɗa ne yabo ba, kuma irinta sun yi yawa tsakanin Ikeja da Yaba da Lekki. Hukuncina a taƙaice shi ne, a ajin Asabar kwalliya ta biya kuɗin sabulu har da canji. Horon intabiyu kuwa an sayar mini da shi da tsada, a kan wata magana da ajin Asabar ɗin ne da kansa ya koya mini in yi mata kallon tsaf.

Ni akawu ne a wani kamfanin dakon kaya da ke sauke tumatir da tattasai da albasa a kasuwar Mile 12. A Agege aka haife ni, iyayena mutanen Funtua ne. Digiri na biyu nake nema a harkar sarrafa zirga-zirgar kaya, ko dai ta tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, ko wata makarantar kasuwanci da za ta sassauta mini kuɗi. Ba ɗan gata ba ne ni, kuɗin da na ajiye a teburinsu ya kusa albashina na wata guda, kuma wannan bai haɗa da kuɗin jarrabawar ba, wanda ya haura dala 200 kuma masu jarrabawar kake biya kai tsaye.

Wurin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Daga Pen Cinema danfo za ka hau zuwa Ikeja, sai ɗan tattaki. Ɗakuna biyu ne, kujerun roba, farin allo, da na'urar sanyaya ɗaki wadda sai an kawo wuta take aiki, don janaretansu fanka kawai yake iya ja. Babu wurin sallah. Azahar kan faɗa tsakiyar darasi, sai in sauka wurin mai gadin benen, wani dattijo daga Maraɗi, in ari buta da tabarma. Da malamar ajin ta lura ni da wata 'yar'uwa muna sulalewa a lokaci guda kowace Asabar, ba ta ce komai ba, ta dai mayar da hutun rabin lokaci zuwa daidai lokacin. Wannan na yaba.

Ita wannan malama ita ce cibiyar. Bayarabiya ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da fara'a sosai, ba ta kuma ɓata lokaci wajen ba mu labarin ɗalibanta da ke Amurka. Ɓangaren harshe na sabuwar GMAT tambayoyi 23 ne cikin minti 45, wato ko minti biyu ba ka da shi a kan kowace tambaya, kuma kaso mai tsoka a ciki na nazarin hujja ne: a ba ka ɗan sakin layi, wani ya kawo dalili ya yanke matsaya, a ce ka nemo abin da ya ɗauka tabbas ne ba tare da ya furta ba, ko abin da zai raunana maganarsa, ko ya ƙarfafa ta. Yawancinmu mun shigo da ɗabi'ar makaranta, ta neman amsar da ta yi kama da gaskiya. Ita kuwa abu guda ta nace a kai har muka gaji da ji: ba ruwanka da ko maganar gaskiya ce a duniya, aikinka ka raba dalili da matsaya, ka duba ramin da ke tsakaninsu, ka tambayi kanka me mai maganar ya taka ya tsallake.

Ga misalin da ta rubuta a allo, wanda har yanzu yana cikin littafina. Wata jami'a ta bar intabiyu a matsayin zaɓi, wanda ya so ya zo, wanda bai so ba ya bari. Bayan shekaru sai ta lura waɗanda suka zo intabiyu sun fi kammala karatu da sakamako mai kyau. Don haka ta yanke cewa daga bana kowa sai ya yi intabiyu, domin sakamakon ɗalibai ya ɗaga. Ta juyo ta ce mu nemo zaton da aka binne.

Wani ya ce an ɗauka masu intabiyun ƙwararru ne. Wata ta ce an ɗauka jami'ar na da kuɗin yi wa kowa. Malama ta ce to mu gwada su. Gwajin nata mai sauƙi ne: ka ɗauki amsar da kake zargi, ka kifar da ita, ka ce akasinta ne gaskiya. In matsayar ta rushe, ka kamo zaton da hujjar ta dogara a kai. In tana nan tsaye, ba shi ba ne. Muka kifar da maganar kuɗi: a ce jami'ar ba ta da kuɗin. To shirin zai yi wuyar aiwatarwa, amma iƙirarin cewa intabiyu ne ya kawo sakamakon bai motsa ba. Sai 'yar'uwar nan, mai haɗa magunguna ce a Idi-Araba, ta ɗaga hannu ta ce an ɗauka waɗanda suka zo intabiyu da waɗanda ba su zo ba tun farko iri ɗaya ne. Muka kifar: a ce dama masu himma ne, masu kuɗin mota, masu gidan da aka saba da jami'a, su ne suka zaɓi zuwa. Nan take hujjar ta zube, domin kuwa da intabiyu da babu, waɗannan za su yi fice. Tilasta wa sauran zama gaban kwamiti ba zai zuba musu himmar ba.

Na daɗe ban ji daɗin darasi irin na ranar ba. Abin da ya fi burge ni, kayan aikin bai tsaya a jarrabawa ba. Maigidanmu ya jima yana cewa motocin da suka taso daga Kano da dare sun fi isowa da lafiyayyen tumatir, saboda haka kowane direba ya koma tashin dare. Na buɗe littafin motoci na duba, sai ga shi manyan direbobinmu ne ke son tashin dare, kuma su ake bai wa sababbin motoci, waɗanda ba sa kwana a Mokwa ko Jebba ana jiran bakanike. Wataƙila sanyin dare na taimakawa, ban musa ba, amma lissafin da ke hannunmu bai isa ya nuna haka ba. Na kai masa cikin ladabi, ya dube ni ya ce, "Wato kuɗin makarantar nan da ka ranta, ni za ka fara yi wa aiki da shi?"

Aji ne mai aikin gida da yawa, kuma tana dubawa. Ba ta karɓar "na zaɓi C", sai ka faɗi dalilin da ya sa sauran huɗun suka faɗi. Wanda ba zai samu awa guda kullum ya zauna da tambayoyi ba, kada ya wahalar da aljihunsa.

Inda suka gaza a wannan ɓangare, takardun da ofis ke rabawa ne. Kundin da aka ba masu shirin GRE har yanzu yana ɗauke da babi guda a kan rubutun tantance hujja, alhali ETS, masu jarrabawar, sun cire wannan rubutu tun watan Satumba na 2023, lokacin da suka gajarta jarrabawar ta koma ƙasa da awa biyu. Rubutu ɗaya ya rage, na minti 30. Namu na GMAT ma akwai shafukan gyaran jimla, wanda sabon tsarin da ya fito a ƙarshen 2023 ya yar da shi tare da rubutun insha'i, ya koma ɓangarori uku, maki daga 205 zuwa 805. Malama takan ce mu tsallake shafi kaza zuwa kaza, amma wanda ya sayi kundin ya tafi gida shi kaɗai zai ɓata makonni a kan abin da ba za a tambaye shi ba. An karɓi kuɗin kundin daban, kuma hoton tsofaffin littattafai ne aka ɗinke.

Yanzu horon intabiyu. A bakin matakala akwai ƙaton allon talla da hotunan matasa sanye da rigar sanyi a gaban gine-ginen Ingila da Kanada, an rubuta cewa kusan duk wanda suka horar ya samu gurbi. Kafin in shiga aji na wuce allon nan ban ga komai ba sai sha'awa. Bayan darasin jami'ar nan na tsaya na sake karantawa, sai na ga tambayar malama ce aka buga da manyan baƙaƙe. Wa ke sayen horon intabiyu? Wanda aka riga aka gayyata. Shi kuwa wanda aka gayyata ya riga ya tsallake babban tankaɗe, takardunsa da rubutunsa sun yi. Sannan wa ke dawowa ya ba da labari a ɗauki hotonsa? Wanda ya dace. Wanda aka ƙi, shiru yake yi ya canza lamba. Na tambayi manajan ofis, cikin waɗanda aka gayyata amma ba su yi horo ko'ina ba, kashi nawa ke samu? Ya yi dariya ya ce, "Malam, lauya za ka karanta ne?" Ba shi da amsa, ban kuma ga alamar tambayar ta taɓa damunsa ba.

Duk da haka na biya, domin Chevening ba ya ɗaukar kowa sai ya zauna gaban kwamiti a ofishin jakadancin Birtaniya, ni kuma ban taɓa yin intabiyu irin wannan ba. Aikin da nake yi ma Kawuna ne ya kai ni.

Shi Kawu, dillalin shanu ne a mayankar Oko-Oba, da na yi masa bayanin abin da nake shiri sai ya ce Turawa sun yi hankali. "Ai yaro, labarin zuciya a tambayi fuska. Ni in zan ɗauki yaron aiki, kafin ya gama gaishe ni na san ko ɓarawo ne." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, to waɗanda ka kora daga gaisuwa, ka taɓa bin sawunsu ka ga yadda suka ƙare?" Ya ce me zai kai shi. To ai nan gizo ke saƙar. Mai intabiyu waɗanda ya ɗauka kaɗai yake gani, in sun yi kyau ya ce idonsa ne. Waɗanda ya ƙi ba sa samun damar ƙaryata shi.

Sau ɗaya dai an samu damar, kuma malama ce ta ba mu labarin. A 1979 majalisar jihar Texas ta Amurka ta umarci makarantar likitanci ta jami'ar jihar da ke Houston ta ƙara yawan ɗalibai daga 150 zuwa 200, bayan an riga an gama zaɓe. Dole makarantar ta koma ta kwaso 50 daga cikin waɗanda kwamitinta ya yi wa intabiyu ya ajiye a baya. Aka bi sawun duka har suka gama suka fara aiki, aka buga sakamakon a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 1987: babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin waɗanda aka zaɓa da waɗanda aka ƙi, ko a aji, ko a asibiti, ko a yawan masu barin karatu. Akwai kuma binciken Jason Dana da abokan aikinsa na 2013, inda aka sa ɗalibai su yi hasashen makin da wasu ɗalibai za su samu a zango mai zuwa. A wasu ganawar, wanda ake yi wa tambaya amsar canki-canka yake bayarwa, ba ruwanta da gaskiyarsa, amma masu tambayar ba su gane ba, sun tashi suna jin sun fahimci mutum. Hasashen da aka yi da tsohon maki kaɗai ya fi na waɗanda suka haɗa da ganawa dacewa.

Wannan ba ya nufin kowace intabiyu shirme ce. Masu bincike sun daɗe da bambance hirar sakaka, wadda mai tambaya ke bin duk inda zuciyarsa ta kai shi, da mai tsari, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a ba da maki a kan ma'aunin da aka rubuta tun kafin a ga fuskar kowa. Ta biyun ta fi hasashen yadda mutum zai yi. Ta Chevening ta fi kusa da wannan, don tana bin abubuwan da ka riga ka yi rubutu a kai ne: jagoranci, ƙulla alaƙa da mutane, dalilin zaɓen kwas, da abin da za ka yi in ka dawo, tunda sharaɗi ne ka koma ƙasarka na aƙalla shekara biyu. Mai irin wannan intabiyu labari yake so mai kai da ƙafa: ga matsalar, ga abin da ka yi, ga abin da ya biyo baya.

A nan ne mai horon ya yi mini amfani, dole in faɗa. Tsohon ma'aikacin banki ne, a sashen ɗaukar ma'aikata ya yi aiki. Ya kafa waya a kan teburi ya ɗauki bidiyona, ya tambaye ni lokacin da na taɓa jagorantar wani abu. Na ba shi labarin yadda aka sasanta direbobinmu da masu sauke kaya a Mile 12 a kan kuɗin kwando. Da muka kalli bidiyon ya tsayar ya ce in ƙirga sau nawa na ce "mun yi", sau nawa na ce "na yi". Na biyun babu ko ɗaya. Idona kuma a kan takalmina daga farko har ƙarshe. Ya ce kwamiti ba kamfaninku zai bai wa tallafi ba, kai zai bai wa, in ba ka faɗi abin da hannunka ya yi ba sai su rubuta ba ka yi komai ba. Mu kuwa an raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma zuba wa babba ido rashin kunya ne. Sai da na sha wuya kafin bakina ya iya cewa ni ne na tara su, ni ne na kawo lissafin da aka amince da shi, ba tare da na ji kamar na yi tsirara a kasuwa ba. Wannan zama guda, da bidiyon, ya cancanci a biya shi.

Sai dai shi kansa bai ga zaton da yake takawa ba. A wurinsa wanda bai kalli ido ba yana ɓoye wani abu ne, wanda ya yi magana a hankali ba shi da ƙwarin gwiwa. Ya faɗi haka kamar dokar halitta. 'Yar'uwar nan ta Idi-Araba, wadda ta fi kowa kaifin kai a ajin Asabar, ya ba ta maki mafi ƙanƙanta a gwaji, don ba ta miƙa masa hannu ba kuma ba ta yawan murmushi. Ta ce masa ba ta musabaha da maza, ya koya mata yadda za ta yi gaisuwa ta girmamawa ba tare da hannu ba. Ya ce ta dai daure ta miƙa. Da muka fito ta ce mini, "Malam, ka ga dai, ashe abin da ake aunawa a nan ba shi ake karantawa a can ba." Abin da ya kamata ya ce mana shi ne, ga yadda wasu masu kwamiti ke fassara abu kaza, ku san da shi ku zaɓi yadda za ku yi. Wannan shawara ce. Abin da ya ba mu hukunci ne a kan tarbiyyarmu.

Sauran zaman kuwa hadda ce. An raba mana amsoshi a rubuce, na "gaya mana ko kai wane ne" da na "mene ne rauninka", kowa ya cusa sunansa da garinsu. Ranar gwajin ƙarshe mutum huɗu a jere suka ce rauninsu shi ne son aiki ya fita babu aibi. Wanda ya yini yana sauraron masu neman gurbi daga Legas zai gane haddar nan tun daga jimlar farko. Ga shi kuma bai karanta rubutun da na tura wa Chevening ba kafin ya yi mini tambayoyi, alhali ainihin kwamitin da shi a gabansu za su zauna. Tsari ɗaya yake yi wa kowa, bayan makarantun sun sha bamban. Makarantar kasuwanci ta Harvard sai ta gayyace ka, minti 30 ne, wanda zai tambaye ka ya karance takardunka tsaf, sannan ka tura rubutaccen tsokaci a kan ganawar cikin awa 24. Makarantar kasuwanci ta Wharton kuma haɗa ka take da wasu masu nema, ku biyar ko shida, a ba ku matsala ku tattauna ana kallon yadda kake da mutane. Wani ɗan ajinmu da ke harin Wharton bai samu ko zama ɗaya na rukuni ba. An kuma ɓata lokaci ana gyara mana lafazi don mu yi kama da 'yan Landan, abin da ban ga wata makaranta ta nema ba. A fahimce ka dai shi ne buƙata.

Har yanzu ina jiran sakamako, kuma ko na samu ba zan ba su hotona su liƙa a allon nan ba, don ba zai nuna abin da suke so ya nuna ba.

Ga wanda ke Agege ko Idi-Araba ko Obalende yana tunanin zuwa irin wannan wuri: ajin nazarin hujja a biya, ko da GRE za ka yi, don tambayoyin karatu nata ma suna taɓo irin wannan tunani. Amma kafin ka tura kuɗi ka nemi a bar ka ka zauna darasi ɗaya, ka tabbatar wanda ka gani shi zai ci gaba da koyarwa, domin malamai a cibiyoyin nan yawo suke yi. Kundinsu kada ka saya, ka je shafin masu jarrabawar ka sauke gwajin kyauta da suke bayarwa, shi ne na yanzu. Horon intabiyu kuwa ka nemi zama ɗaya ko biyu kawai, da sharaɗin mai horon ya karanta takardunka tukuna kuma a ɗauki bidiyo a ba ka. Za su ce sai dai ka sayi duka a dunƙule. Ka yi ciniki, na ga wanda ya tsaya kai da fata suka yarda. Ragowar atisayen ka yi shi da wanda ya taɓa shiga irin intabiyun da za ka shiga, ko abokin da ba ya jin nauyin katse ka ya ce bai gane ba. Rasiti kuma ka karɓa a rubuce, da adadin zaman da aka yi maka alkawari a jiki.